Fuskarki a Babban Nagatif

Aikin farko na yau: na wanke tire, na haɗa maganin wanke fim, na toshe ƙasan ƙofa da tsohon tawul don kada haske ya shigo.

Ya sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan farko bayan dogon zafi. Na rubuta "tauraruwata" na soke, don a hoto tauraro ɗigo ne kawai, ke kuwa kin wuce ɗigo.

Ranar da za ki tafi gidan Yaya taya ta jego, kin ce na ɗauki hoton matan unguwa kaf amma naki ko ɗaya babu a bangonmu, kuma ba za ki dawo ba sai an rataye shi. Na ɗauka wasa ne. Jaririn nan yanzu har yana zama.

Na san abin da za ki ce: in kai nagatif ɗinki shago, wato fim ɗin da na ɗauke ki a kai, inji ya fitar da hoto kafin shayi ya huce. Takardar inji tana koɗewa, ranki ya daɗe. Na ga amare da yawa sun koma ruwan ɗorawa a falon mutane. So nake in yi miki na hannu, wanda ake shafa wa takarda magani, a kifa nagatif a kai, a danne da gilashi, a ajiye a rana, ya fito shuɗi kamar sama bayan an ɗauke ruwa. Sai dai irin wannan, girman nagatif shi ne girman hoto, naki kuwa bai fi faɗin yatsu biyu ba. Dole in fara haska shi a kan babban fim, daga nan in sake juyo shi kan wani, ya zama babban nagatif.

Kin tuna hoton? Ranar da muka tare na ɗauke shi. Kina zaune a kan kifaffen bokiti gefen taga, kina ɓare lemo, kina yi mini dariya don ina ta sake auna bango kafin a shigo da gado.

Fim iri biyu na samu. Na farkon mai tsauri ne, ana aikinsa da jar fitila, ina ganin hannuna. Na sa shi a magani mai ƙarfi, sai ya ba ni baƙi da fari kawai: idanu, haƙora, taga. Kumatunki sun tafi. Wannan ɗan lotsawar da ke gefen bakinki, wadda saboda ita na kasa cin abinci a gidanku, ta ɓace. Wa zai rataye haƙora a bango ya ce matarsa ce? Na biyun mai laushi ne, yana riƙe kowace inuwa ta fata, amma ba ya yarda da ko jar fitilar, sai duhu ƙirin. Na gwada, na kifar da tire a kan takalmina.

Na koma kan na farkon, na tsinka maganin da ruwa sosai, na rage jijjiga tiren, na jira. Ɗazu kumatun hagu ya dawo. Na dama yana hanya. Wataƙila ruwan ya yi yawa, wataƙila ni ne ban iya ba. Duka biyun na rubuta.

Abar ƙaunata, gidan nan ya yi shiru har ina jin ɗigar famfo. Ina dafa na mutum biyu, in ci rabi, in tsaya kallon rabi. Ba na roƙon ki janye maganarki, gaskiya kika faɗa. Ki dai ba ni izinin kawo miki abin da ya fito, ki duba da idonki ko ya isa a kira shi ke.

Naki, yau da gobe da bayan takarda ta koɗe,
Mijinki.

Ayyukan gobe:
1. Sake gwaji, da ɗan ƙarin magani.
2. Goge gilashi. Duba sama.
3. Sayen ƙusa.
4. Guga, farar rigar.
5. Gidan Yaya, ko da kumatu ɗaya ne.