Ba Alade a Ƙirjina

Landan, Maris 1974

Yaya Braimah,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mma? Yaya Lariba da yara? Ni lafiya lau, sai dai matakalar gidan nan ta fara raina ni.

Labari ya iso ni cewa ka tsaya a ƙofar masallacinmu na Nima kana shelar Turawa sun sa mini naman alade a zuciya, har Malam Wasiu ya ce ba zai sallaci gawata ba. Sannu da ilimi, Yaya. Ban san a rumfar fawa ake karanta likitanci ba.

Murfin da ke tare jini a zuciyata ne ya lalace. Likita ya kawo na alade, ya ce ya fi ƙarko. Na ƙi, saboda bakinku. Sai suka yanko tantani daga cinyata suka ɗinka sabo. Yanzu ya ce ɗinkin ya fara saki.

Ka koma ƙofar nan ka gyara maganarka. Allah ya ƙara wa Mma lafiya, kada ka gaya mata.

In akwatina ya sauka, kai za ka yi mini wanka. Ka duba cinyar hagu, sannan ka kira Malam ya gani.

Ƙaninka,
Gafaru