Numfashin 'Yan Warra

Warra, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, Innarki na gaishe ki. Ruwa ya fara ja da baya, kifi kuwa sai a hankali. Ramatu matar ƙanenki Surajo za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura miki, kin san ni da waya ba ma shiri.

Na karanta bayaninki sau ukku. Kin ce a wurin aikinku kuna ƙera mutum-mutumi da za a jefa Zara, ya tona ƙasarta a ga ko akwai ma'adinai. Zara dai matar wata, wadda muke gani in mun fita su da asuba? Allah mai iko! Ni roƙona guda, kada wata rana su ce ki bi shi.

Ba ke kaɗai ke tono ba. Surajo ya aje taru ya shiga haƙar zinari a dajin Ngaski, shi da abokinsa Tamada. In rami ya yi zurfi har iskarsa ta ɓaci, 'yan Warra ake nema, don an san mu da riƙe numfashi. Su biyun ni na koya musu nutso, kaina har ya yi girma.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki, Maliki

*

Baba,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da Inna da kowa da kowa.

Ka kwantar da hankalinka, ba mai tura ni Zara. Zafinta yana narkar da dalma, iskarta guba ce, nauyinta kuma ya fi na ruwan Kainji nesa ba kusa ba. Muna da ɗaki a nan da aka cika da zafi da iska irin nata. Jiya muka sa na'urar a ciki, ƙarfe zalla, ba ta kai sa'a biyu ba ta mutu. Shi ya sa ake tura ƙarfe, ba ɗan mutum ba.

Amma Baba, ga maganar Surajo. Rami ba kogi ba ne. A ruwa ƙirji yana gaya wa mutum lokacin fitowa ya yi. Hayaƙin injin da ke zuƙe musu ruwa daga rami ba ya gaya wa kowa kome, mutum sai ya ji kasala ya zauna ya huta, shi ke nan. Gwanin nutso ma ya fi shiga hatsari, don ya saba jure abin da ke korar wani. Don girman Allah ka hana shi.

'Yarka,
Zulaihatu

*

Warra, ranar Talata

Zulaihatu,

Sallama da gaisuwa. Na karanta wa Surajo takardarki. Ya yi dariya, wai Yaya tana haƙa a sama tana hana shi haƙa a ƙasa. Ni ma, ba zan ɓoye miki ba, na ce boko ya sa miki tsoro.

Sai shekaranjiya ya dawo kansa na sara, yana amai, ya kasa tuna wanda ya jawo shi daga ramin. Shekara arba'in ina nutso, ban taɓa fitowa na manta hannun da ya kama ni ba. Innarki ba ta sani ba tukuna.

Jibi Alhamis za su shiga wani sabo, gaba goma sha biyar. Na yi masa magana har na yi rantsuwa, ya sunkuyar da kai kawai, kin san halinsa. Me zan yi, ɗiyata? Tsoro nake ji.

Maliki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Magana ba za ta tsai da shi ba. Ka je bakin ramin da ƙafarka ka riƙe shi, a gaban mutane ba zai fizge hannunsa daga naka ba. Tun jiya nake kiran Ramatu waya ba ta shiga. Ko layi guda ne ka rubuto mini.

Zulaihatu

*

Warra, ranar Asabar

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Surajo na nan da ransa. Na je, na riƙe shi, bai fizge ba.

Tamada ya ce in bar masa ramin ya shiga, ai ya fi Surajo dogon numfashi, ni shaida ne. Na ce gaskiya ne. Da bakina na ce gaskiya ne, Zulaihatu, hannuna biyu na kan ɗana.

Tamada bai fito da rai ba. Jiya bayan Juma'a muka sallace shi. Uwarsa ta aiko tana yi mini godiyar ɗaukar gawa, na kasa zuwa in amsa.

Ki sa shi a addu'a.
Babanki, Maliki