Yayana Ya Zana Hotona, Ni Aka Kira Ɓarauniya

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya min a wuya, na kasa haɗiye shi.

Ni ma'aikaciyar kantin magani ce, amma ranar hutuna a fadama nake yi, ina ɗaukar hoton tsuntsaye. Shekara huɗu ina bin wata gauraka da mijinta. Sauro ya cije ni, na kwanta zazzaɓi sau biyu, takalmina nawa suka ruɓe a taɓo. Wata safiya ana yayyafi, gaurakar ta buɗe fukafukanta ta rufe ɗan tsakonta, na danna kyamara. Don murna na tura wa yayana a waya, shi mai zane ne, na ɗauka shi kaɗai zai gane a gidanmu.

Bayan wata shida ya gayyace mu baje kolin zanensa. Ina shiga zauren na ga zanen gaurakata a bango, har guntun gashin da ya karye a fiffikenta na hagu. Yana tsaye yana ba baƙi labarin wai mako uku ya yi kwance cikin laka kafin ya ga wannan. Mutumin da ko tsakar gida ba ya zama sai da maganin sauro! Ina riƙe da kofin lemo kamar wata baƙuwa. Da ya gabatar da ni cewa ya yi ga ƙanwarsa mai sayar da magani.

Na yi shiru saboda Umma, don ranar har kukan daɗi ta yi. To sai na tura hoton gasa. Makon jiya suka amsa min cewa sun cire shi, wai suna zargin da kwamfuta na haɗa shi daga wani sanannen zane. Ni ce ɓarauniyar ke nan. Na kai ƙara wurin Umma, ta ce ai duk abu ɗaya ne, kada in tona wa ɗan'uwana asiri a kan tsuntsu. Shi kuwa ko kunya, jiya ya aiko wai in ara masa katin ajiyar hotunan kyamarata yana neman hoton zalɓe da zai zana. Anti, kyamarar ma yanzu ba na son ganinta. In fallasa shi ko in haƙura?

Mai Kyamara

Ƙanwata Mai Kyamara,

An zalunce ki, kuma ba a kan tsuntsu kike fushi ba, shekara huɗu na rayuwarki aka shafe. Kada kowa ya raina miki wannan.

Amma mu yi wa yayanki adalci. Zana abu daga hoto ba laifi ba ne, masu zane da yawa suna yi, kuma hannun da ya zana nasa ne. Laifinsa biyu: bai nemi izininki ba, sannan ya ari wahalarki ya ce tasa ce. Wataƙila sau ɗaya ya yi ƙaryar don burge baƙi, ta fi ƙarfinsa. Ke ma shirunki ya sa ya ɗauka kin yarda.

Fara da wanke sunanki. Ki tura wa masu gasar asalin hoton daga katin, da hotunan da kika ɗauka kafinsa da bayansa, da saƙon da kika tura masa mai ɗauke da kwanan wata. Wannan ba fallasa ba ce, kare kai ne.

Kafin ki tura, ki same shi ku biyu, ba a gaban Umma ba. Uwa ba za ta iya zaɓar ɗaya cikin 'ya'yanta ba, ki daina ɗora mata. Ki nuna masa wasiƙar masu gasar, ki faɗa masa abin da za ki yi, ki nemi ya rubuta musu da kansa kuma ya sa sunanki a jikin zanen. In ya yarda, kin sami haƙƙinki da ɗan'uwanki. In ya ƙi, ki tura abinki ba tare da zagi ko shelar intanet ba.

Katin kuwa, kada ya bar jakarki. In yana son zalɓe, ki ce ya zo ku je fadamar tare, ya ga yadda ake samu.

Kuma ranar hutunki mai zuwa, ki ɗauki kyamararki ki fita. Ba ita ta yi miki laifi ba. Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya daidaita tsakaninku.

Antinki