Kaskar da Na Rubuta wa Daura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don garin namu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, akwai hassada a ciki.

Ni malamin Bayoloji ne a wata sakandare a Daura. Ina da aboki tun muna firamare, tare muka yi digiri, shi ya zarce mastas, ni na dawo gida na kama koyarwa. Ƙanwarsa nake aure. Bincikensa a kan kaska ne, to shi mutumin birni ya zama, ko saniya ce ta yi atishawa sai ya ja da baya, ni kuwa kawuna dillali ne a kara, a cikin dabbobi na tashi. Ya roƙe ni in riƙa tara masa. Wata da watanni duk ranar kasuwa ina can da hantsaki da kwalabe, ina tsugunawa ƙarƙashin shanu da raƙuma, na sha shuri ba sau ɗaya ba. Kowace kwalba in rubuta dabbar da wurin da na samu.

A cikinsu aka sami wata kaska da na ciro a jikin raƙumi, wai irinta ba a san tana wajenmu ba. Shi da abokan aikinsa suka karanta ƙwayoyin halittarta a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, ya ɗora a wani rumbun bayanai na intanet, inda masu bincike na duniya ke zuba irin wannan bayani na sauro da tsutsa da katantanwa da sauran halittu marasa ƙashin baya. Kowa zai iya buɗewa ya gani. Sunansa na sama ɓaro-ɓaro, nawa yana can ƙasa a layin wanda ya tattaro, sai ka matse ido. Gaskiya bai cire ni ba, amma ranar da ya zo gida da abokan aikinsa ya nuna ni ya ce ga mai kama mana kaska, aka yi dariya, ni ma na yi. Tun daga ranar kullum sai na buɗe shafin nan a waya, ko a ofishin malamai nake, in zuba wa sunansa ido raina na ƙuna. Yanzu ma saboda wannan aikin wata jami'a a waje ta kira shi intabiyu, saura sati biyu.

Ga inda matsalar take. A shafin an rubuta cewa kaskar ta Daura ce, domin haka na rubuta a kwalba. Kwanaki muna hira da kawu na ba shi labari, sai ya kwashe da dariya ya ce ai raƙumin nan ba namu ba ne, da safen ranar aka sauke shi daga can cikin Nijar, kuma kafin la'asar an sayar an loda shi zuwa kudu. Ko kwana bai yi a ƙasar Daura ba. Duk ɗan kara ya san dabbar kasuwa baƙuwa ce, sai ka tambayi inda ta fito, ni da na fi kowa sani ban tambaya ba. Wallahi da na ji haka, abin da ya fara shiga zuciyata daɗi ne, ba damuwa ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Na kira shi na faɗa masa. Ya ce in bari sai bayan intabiyu zai gyara da kansa. Na ce mutane na sauke bayanin suna aiki da shi a kan kuskure. Ya ce wata nawa abin yana can ba wanda ya mutu, sai yanzu da tafiya ta taso gaskiya ta dame ni. Na ce dama ni mai kama kaska ne, me na sani. Muka yi ba daɗi, ya kashe waya. Da na gaya wa matata ba ta yi faɗa ba, tambayata kawai ta yi, wai da sunana ne a sama, zan iya jira sati biyu ko ba zan iya ba.

Masu rumbun suna karɓar gyara daga wanda ya tattaro samfur. Na rubuta imel ɗin tsaf, turawa kawai ya rage. In na tura, gyaran zai iya fitowa kafin intabiyu, ginshiƙin aikinsa ya rushe, kuma na san ni da gidansu sai dai gaisuwa. In na bari, ban yarda zai gyara ba idan ya samu tafiya, kuskuren kuma da hannuna na rubuta shi.

Jama'a ku faɗa mini tsakani da Allah. Abin da zan faɗa gaskiya ne, amma na san ba don ita nake son faɗa ba. In tura yanzu, ko in jira intabiyun nasa ya wuce?