Inna, Mijinki Zai Tafi Ingila

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Gambo, a makwancinta na Hunƙuyi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da durƙuso irin na ɗa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, ɗanki ya ɗauko Dala ba gammo. Littafi nake rubutawa, na ƙagaggen labari. Ni ɗin nan da na tsere daga ajin yaƙi da jahilci saboda lokacin matsar rake ya zo. Yi dariyarki, ba mai hana ki.

Dalili kuwa, jikanki, mijin nan naki, ya sami tafiya karatu Ingila. Ranar kasuwa mai zuwa mota za ta kai shi Zariya, daga nan jirgin ƙasa, daga nan na ruwa. Ko zai dawo ya same ni, Allah masani.

Kin san ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi aka kai miki, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa haɗa tabarma da shi ba. Ni da nake sa 'yan kasuwa dariya har su riƙe ciki, da ya shigo zaure sai in murtuke kamar alƙali.

Ke ce gadar tsakaninmu. Ranar da ya ci jarrabawa na ajiye mazarƙwaila a ƙofar ɗakinki na wuce. Ina jin ki kina ce masa, "Karɓi saƙon wani mutum mai ciwon baki." To yanzu wa zai kai saƙon?

Shi ya sa na ƙago wani manomin rake mai ɗa guda, na ɗora masa duk abin da ya tsaya mini a maƙogwaro. In saka masa a ƙasan akwati, ya karanta a can.

Sai dai aikin, Inna! Ina kora doki yana zagaya injin matsa, ina rubutu a kan cinya. Shekaranjiya na ƙone tukunya guda. Jiya akuyar maƙwabta ta cinye babi na uku, kuma ba ta yi ƙorafi ba, na gode mata. Na kashe wani a farkon labari, na manta, sai ga shi can gaba yana cinikin jaki. Ba lokacin gyara, na ce tagwaye ne.

Duk wannan mai sauƙi ne. Na iso inda uban zai raka ɗansa tasha, ya kira shi da sunansa, ya ce yana alfahari da shi. Hannuna ya ƙi. Ga tela ya kawo rigunan jikanki, uwarsa tana daka masa yaji, kwanaki na ƙarewa. In ya tafi babu shafin nan, zai zauna cikin sanyin Turawa yana zaton ubansa bai damu da shi ba. Wannan tunanin ya hana ni cin tuwo.

Ke kika koya mini kunyar nan, Innata. Don Allah ki sassauta mini ita, ko na shafi ɗaya. Bari in fara gwadawa a gabanki.

Allah ya haskaka kabarinki, ya kai mijinki lafiya, ya sa in gama kafin direba ya danna hon. Amin.

Ni ne ɗanki mai ciwon baki,
Tanko, uban Yusufu.