Malam Sabo da Waƙar 'Yan Babur

Talata da dare, unguwar Jurf

Allah ya yi wa motar zamani albarka, ba ta mantuwa. Yau na ɗauki Malam Sabo, mahaifin Hafsa da nake nema, zan kai shi jami'a. Wata uku ina nuna masa ni ustazu ne. Ina tayar da mota ta jawo waƙa daga wayata, kiɗan jita ya ɓarke: waƙar tsohon fim ɗin Amurkawan nan 'yan babur masu gashi buzu-buzu. Na kai hannu zan kashe.

"Khalli, bar ta," in ji Malam. "Ai harbe su ake yi a ƙarshe, bayin Allah."

Da zai sauka ya ce in turo magabatana ranar Juma'a.

To, a wane littafi Malam ya karanta ƙarshen fim ɗin?