Bidiyon Baba Hamisu

Daren Asabar, Hulme

Na buɗe shafin nan na intanet ne don masu koya wa yara ƙwallo su sa abin da suka sani, in da kuskure wani ya gyara. To, gyaran ne ya gagare mu.

Baba Hamisu na unguwar Handsworth, wanda ya koya wa yawancinmu aikin, ya sa bidiyon atisayen buga ƙwallo da ka, wai na 'yan shekara bakwai. A ƙasar nan ta Turawa an hana, saboda ƙwaƙwalwar yara, kuma duk mun sani. Amma ba abin da ake rubutawa ƙarƙashinsa sai "Allah ya ƙara basira, Baba."

Yau a unguwar Ardwick na tarar kocin ɗana Amir yana sa yaran su yi atisayen, shafina buɗe a wayarsa.

Na kira Baba da niyyar faɗa masa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ɗana, ka ga ɗan abin da na sa?" Sai na ji bakina yana cewa, "Na gani, Baba, Allah ya saka."

In na goge, gobe a ce na ci fuskar dattijo. Amir ya kwanta yana cewa kansa na ciwo. Bidiyon yana nan.